Saje Gaskin Ya Ƙi Barci

Marisol Ybarra ta shigo ofishina da safiyar wata Talata, fuska a murtuke, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Dakta Whitlow, ya kore ni."

"Wa ya kore ki?"

"Mai ƙafar nan na ɗakin maza. Saje Gaskin. Ko kujera bai bari na ja ba."

Na ajiye gahawata ina danne dariya. Marisol tana shekararta ta ƙarshe ta neman ƙwarewa a aikin sa barci, a ƙarƙashina. Na haura shekara ashirin a asibitinmu na tsofaffin sojoji, likitoci matasa da yawa sun bi ta hannuna, amma kaɗan ne suka kai ta natsuwar hannu. Ba ta saba a kore ta ba, shi ya sa abin ya tsaya mata a wuya.

Na san labarin mutumin tun kafin in gan shi. Lemuel Gaskin ya haura saba'in. Ciwon suga ya cinye masa ƙafar hagu, yatsu sun yi baƙi, ruɓa ta fara hawa, kuma likitan tiyatarmu, Dakta Kroll, ya ce sai an yanke ta ƙasa da gwiwa cikin makon nan. Huhunsa taba ta gama da shi, ko bayi zai zaga sai da bututun iska a hanci. Bara aka yi masa aikin zuciya, yana kan maganin tsinka jini da ba a isa a tsayar ba, don haka allurar ƙashin baya ta fita daga zance. Mai irin wannan jiki, sa shi barci a ɗora shi kan injin numfashi ba wuya. Raba shi da injin daga baya shi ne tashin hankalin.

"Tashi mu je," na ce mata. "Ke za ki yi magana, ni rakiya na zo."

Mun same shi a kishingiɗe, dogon baƙin mutum mai faffaɗar kafaɗa da tsufa ya rage wa nama, da hular tsohuwar rundunarsa a ka. Matarsa Vernell tana gefen gado tana ɓare masa lemo.

"Ga ta nan," in ji shi, "ta je ta kirawo uwarta."

"Lem, ka kama bakinka," in ji matar.

"Madam," ya ce da ni, "ba raini ba ne. Magana biyu na gaya wa yarinyar nan. Ba mai sa ni barci, kuma ba mai koyon aiki a jikina. Gwamnati ta gama gwaji da ni tun ina ɗan shekara sha tara."

"Gaya musu dalili," in ji Vernell, "ko ni in gaya musu."

Ya juya fuska wajen taga. Ita ta faɗa. Shekarun baya an cire masa madaciya a wani asibiti can garinsu. Da maganin barci ya fara sakinsa, bai san inda yake ba, ya ɗauka abokan gaba ne suka kama shi. Nas ɗin da ke kansa, yarinya ce ƙarama, ya kai mata naushi ya karya mata muƙamuƙi. Sai da ƙarti suka danne shi suka ɗaure shi a gado.

"Har yau duk Kirsimeti sai ya aika mata kati," in ji Vernell. "Ta daɗe da yafe masa. Shi ne ya ƙi yafe wa kansa."

"Gara in mutu da ƙafata a ruɓe," ya ce, har yanzu yana kallon taga, "da in sake ɗaga hannu a kan 'yar mutane."

Na dubi Marisol. Wannan karon ba ta nemi izini ba, ta jawo kujera ta zauna daf da gadon.

"Yallaɓai, ba sai ka yi barci ba. Manyan jijiyoyi biyu ne suke kawo maka saƙon zafi daga ƙafar nan, ɗaya ta gaban cinya, ɗaya ta baya. In na kewaye su da magani, ƙafar za ta mutu murus. Kana ido biyu, kana numfashi da kanka, za a yi aikin a gama. Kuma huhunka zai fi son haka."

Ya juyo. "Wa zai yi allurar?"

"Ni."

"Ita fa?" Ya nuna ni da haɓa.

"Ina tsaye a bayanta," na ce. "Saje, na ga a takardunka jirage masu saukar ungulu kake gyarawa a Vietnam. Wa ya koya maka?"

"Wani tsohon saje mai baƙin baki. Allah ya ji ƙansa, in zai iya."

"A kan jirgin wasa ya koya maka?"

"Jirgin wasa kuma? Wanda mutane za su hau gobe da safe."

"Yana ina lokacin da kake ɗaure noti?"

"A kan wuyana, kamar ungulu."

"To, ni ce ungulun nan," na ce.

Vernell ta tuntsire da dariya har lemo ya faɗi daga cinyarta. Shi bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

Marisol ta ce, "Akwai magana ɗaya da ba zan ɓoye maka ba. In na ga ranka yana neman fita, zan sa ka barci, ba zan tsaya neman izininka a lokacin ba. Yanzu nake nema. In hakan ta faru, ni za ka tarar a kanka in ka farka, ba wata nas ba."

"In na karya miki muƙamuƙi fa?"

"Cikin yayye maza na tashi, yallaɓai. Na iya kauce wa naushi tun kafin in iya karatu."

Ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Miƙo hannunki." Ta miƙa. Ya bar shi a sararin iska yana dubawa, kamar mai duba ƙarfen da zai saya. Hannun bai motsa ba.

"To," ya ce. "Ki yi."

Ta zauna da shi har wajen azahar tana tambayarsa abin da ke tayar masa da hankali. Ya ce ƙara, musamman mai kama da farfelar jirgi, da bugun ƙarfe ba zato. Ya ce kada a ɗaure masa hannu. Ta yarda, da sharaɗin a bar mata damar ba shi ɗan maganin kwantar da hankali, irin wanda ba ya taɓa numfashi, in buƙata ta taso. Suka shirya cewa zai sa abin sauraro a kunne, Vernell ta kawo waƙoƙin cocinsu. Da ta dawo ta zayyana mini shirinta daga farko har ƙarshe, da abin da za ta yi in wannan ya ƙi, da abin da za ta yi in wancan ya ƙi, ban sami abin gyarawa ba.

Ranar aikin, da hantsi, aka turo shi ɗakin da muke yin allura. Nas ɗinmu a ranar Boyd ne, ƙaton mutum mai sanƙo, tsohon sojan ruwa. Saje na ganin zanen ƙugiyar jirgin ruwa a damtsensa ya ce, "Wayyo ni. Ba a sami mutum ba sai mai wankin jirgin ruwa?"

"Kwanta, baba," in ji Boyd. "Ba don mu ba, da har yau kuna can bakin teku kuna jiran mota."

"Ku da kuka yi yaƙi kuna cin ayis kirim?"

"Ai hankali ne. Wa ya hana ka zaɓa?"

Suna wannan Marisol ta shafa masa man sikanin a cinya, ta ɗora na'urar da ke nuna cikin jiki, ta juyo masa da allon don ya gani. Ta nuna masa jijiyar, fara-fara kamar saƙar zuma, kusa da wani baƙin da'ira mai harbawa.

"Wannan baƙin fa?"

"Hanyar jini ce. Ita nake gudu."

"Ki guje ta da kyau."

Na tsaya a bayanta, hannuwana cikin aljihu. Haka nake koyarwa. Matuƙar hannuna yana waje, sai ya kai kansa wurin allura ko ban so ba, kuma daga ranar da ka karɓe allura daga hannun mai koyo a gaban majinyaci, ka karya masa wani abu da zai daɗe bai ɗoru ba. Na ga bakin allurar ya shigo allon a hankali, ya rusuna ƙarƙashin jijiyar, maganin ya bazu ya kewaye ta. Aka juya shi, ta yi wa jijiyar baya. Ko kalma ban ce ba.

Bayan ɗan lokaci ta ɗora masa ƙanƙara a sangali. Bai ji ba. Ta mintsine shi da ƙarfe. Bai ji ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Wata da watanni rabon da ƙafar nan ta yi shiru." Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da sauri kafin Boyd ya gani.

A ɗakin tiyata muka kafa labule tsakanin ƙirjinsa da ƙafar. Hannuwansa a sake a kan allunan gefe, bututun iska a hanci, waƙa a kunne. Marisol ta zauna wajen kansa. Magungunan barci da bututun maƙogwaro suna shirye a tire kusa da gwiwar hannunta, an rufe su da tawul don kada ya gani. Dakta Kroll ya shigo, hannuwa a sama. Mun tsufa tare da shi a asibitin nan. Hannunsa a tiyata ba na biyu, haƙurinsa kuwa bai cika cokali ba.

"Odessa," ya ce da ni, "kin tabbata da wannan shiri naku?"

"Tambayi likitarsa."

Ya dubi Marisol ta saman tabarau. "A shirye muke, yallaɓai," ta ce.

Ya sa wuƙa. Saje bai ko ƙifta ba, yana ta bin waƙa da leɓe, yatsansa yana buga allo. Komai ya tafi sumul har Kroll ya ɗauki ƙarfen wutar da ake ƙone bakin ƙananan hanyoyin jini da shi. Ya taɓa nan, ya taɓa can, siririn hayaƙi ya tashi ya tsallako labulen. Mu da muke shaƙar ƙaurin nan kullum, hancinmu ya daina sanin da shi.

Yatsan Saje ya tsaya.

A na'ura na fara ji. Bugun zuciyarsa ya ɗauki gudu. Idanunsa suka buɗe gaba ɗaya, suna kallon wani abu da ba ya cikin ɗakin. Sai ya fizge abin kunnen, ya fizge bututun hancin, ya yunƙura zai tashi.

"Wuta!" ya daka tsawa. "Tillman na ciki! Ku fito da shi! Tillman!"

Ƙafarsa mai lafiya ta harbi tiren kayan aiki, ƙarafa suka watse a ƙasa, ƙarar ta ƙara tunzura shi. Boyd ya taho da gudu zai danne shi.

"Kada ka danne shi!" in ji Marisol. "Riƙe masa hannu kawai, kamar gaisuwa."

Kroll ya danna auduga a kan raunin da hannu biyu. "Odessa, ƙafa a buɗe take, jini na zuba. Ki sa mutumin nan barci!"

Iskar da ke jininsa ta fara sauka a allo. A raina na riga na ja layi: in ta kai wuri kaza, zan fitar da hannu daga aljihu, alkawari ko ba alkawari. Ba ta kai ba tukuna. Na matso har kafaɗata ta taɓa ta Marisol, don ta san ina nan, na yi shiru.

"Dakta Kroll," ta ce, muryarta ba ta ɗaga ba, "ajiye wutar nan. Ƙaurin ne. A zuƙe hayaƙin. Ka ba ni minti biyu."

"Yarinya, ba ni da minti biyu."

"Kana da su, yallaɓai, hannunka yana kan jinin. Ni nake kallon numfashinsa."

Kroll ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya yi tsaki, amma ya ajiye ƙarfen.

Ta tura masa ɗan maganin da suka yi yarjejeniya a kai ta jijiyar hannu. Ta ce a miƙo mata kwalbar man na'a-na'a da muke ɗigawa a takunkumi in aikin mai wari ne, ta jiƙa auduga ta kai masa hanci. Sa'an nan ta sauke takunkuminta, ta sunkuya har fuskarta ta rufe masa komai. In naushi zai zo, nan zai sauka.

"Saje Gaskin. Saje Gaskin, dube ni. Marisol ce, yarinyar da ka kora. Kana asibiti. Vernell na waje tana jiranka da jakarta mai ruwan goro. Ƙafarka muke yi wa aiki. Me kake shaƙa yanzu?"

"Tillman..."

"Na ji. Za ka ba ni labarinsa. Yanzu gaya mini, warin me kake ji?"

Ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Hannunsa na dama ya damƙe na Boyd har yatsun Boyd suka yi fari. Na hagun ya ɗago, a dunƙule, ya tsaya a iska kusa da kuncinta. Ba ta ja da baya ba, ba ta ma kalle shi ba.

"Alewa," ya ce da ƙyar. "Alewar na'a-na'a ta coci."

"Yauwa. Ja ta sosai. Zan mayar maka da bututun hanci, ka ji? Ni ce, hannuna ne."

Ta mayar. Dunƙulen hannun ya sauka a hankali ya kwanta a allo. Lambar iskar ta tsaya, ta yi kamar tana shawara, sa'an nan ta fara hawa. Sai a lokacin na lura na dunƙule nawa hannuwan a cikin aljihu har farce ya shiga nama.

"Na taɓa wani?" ya tambaya.

"Tire kawai ka harba," in ji Boyd. "Shi ma sojan ƙasa ne, ba asara."

Wani abu mai kama da dariya ya fito daga maƙogwaron Saje. Marisol ta leƙa ta saman labule.

"Yallaɓai, za a iya ƙarasawa ba wuta?"

Kroll ya dubi raunin. Can ya ce, "Kafin a haife ki da zare nake ɗaure hanyar jini ɗaya bayan ɗaya. A kawo sababbin kayan aiki, a kawo zare. Ku yaran zamani ku buɗe ido ku ga yadda ake yi." Daga muryarsa na gane abin ya yi masa daɗi, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Ɗaurin zare ya fi cin lokaci, kuma Saje ya ce ba ya son waƙar kuma, ya fi son ya ji muryar mutum. Marisol ta rasa me za ta ce masa na tsawon wannan lokaci, sai ta ce, "Vernell ta ce bayan soja gareji ka buɗe. Motata tana wani kuka in na taka birki."

"Wane irin kuka?"

Ta kwaikwaya. Duk ɗakin aka yi dariya, har mai miƙa kayan aiki.

"Da safe kawai, ko kullum?"

"Kullum. Ya fi yawa in na sha kwana."

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

"Tun bazara! Likita guda, kina yawo a kan ƙarfe da ƙarfe tun bazara? Ke ce za ki riga ni mutuwa. Madam," ya ɗaga ido yana nemana, "haka kike tarbiyyar yaranki?"

"Allura na koya mata, Saje, ba birki ba."

Ya shiga yi mata bayani dalla-dalla, abin da za ta ce wa makanike da abin da ba za ta yarda ya sayar mata ba. Tana sauraro, tana tambaya, amma idonta yana zagaye tsakanin fuskarsa da allo da labule. Da Kroll ya yi mata alama, ta katse shi.

"Saje, yanzu za a kunna zarto. Zai yi ƙara, za ka ji gado yana ɗan girgiza. Ba zai daɗe ba. Kana son abin kunne?"

"A'a. Ki dai bar audugar nan a hancina. Ke kuma ki tsaya inda nake ganinki."

Zarton ya tashi. Ya runtse ido, ya buɗe, ya kafe ta da kallo, leɓunansa suna motsi da addu'a. Bugun zuciyarsa ya ɗan hau, ya dawo. Da ƙarar ta mutu sai ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Saura ɗinki."

"Ta tafi ke nan." Ya dubi labulen. "Ta yi mini aiki, ƙafar nan. Ta kai ni wurare."

Kroll ya shiga ɗinki.

Bayan mun miƙa shi ɗakin farfaɗowa, yana zaune yana neman a ba shi gahawa ana hana shi, na tarar da Marisol a lungun da muke wanke hannu, ta jingina da bango.

"Ban tambaye shi wari ba," ta ce. "Na tambayi ƙara, na tambayi ɗauri, ban tambayi wari ba."

"Ni ma na saurari shirinki ban kawo shi ba. Daga yau za mu riƙa tambaya, mu da duk wanda zai zo bayanki. Yanzu gaya mini, sai lambar iskar jininsa ta sauka zuwa ina za ki sa shi barci?"

Ta faɗi lambar da ta tsayar a ranta. Daidai da tawa.

"Da ya kai nan fa?"

"Da na sa shi. Maganin yana hannuna na hagu tun da ya fara ihu."

Ban ga lokacin da ta ɗauka ba, ni da nake manne da ita. Na ce mata ta je ta ci abinci, akwai mai ƙaba yana jiranmu da rana, kuma ita za ta yi.

Da la'asar na bi ta ɗakin maza. Marisol ta riga ni, ta zo duba siririn bututun da ta bar masa a cinya don ya riƙa ɗiga maganin kashe zafi na kwanakin farko. Vernell tana riƙe da hannun mijinta.

"An ce ka kira Tillman," ta ce masa a hankali. "Shekara da shekaru ina jin sunan nan cikin barcinka, Lem. Ban taɓa tambaya ba."

Na yi niyyar ja da Marisol mu ba su wuri. Ya ce a'a, yarinyar ta tsaya, ta ce zai ba ta labari, kuma shi ba ya cin alkawari. Ya faɗa a taƙaice, ido a kan bargo. Jirgin da ya gyara da hannunsa ne aka harbo, ya dawo da ƙyar ya faɗi a bakin sansani ya kama da wuta. Ya jawo mutum biyu. Tillman, ɗan garinsu, wanda suka shiga soja rana ɗaya, bel ya riƙe shi a kujera. Ya koma ɗauko shi, aka rirriƙe shi aka hana shi.

"Shi ya sa ba na zuwa gashin nama na coci," ya ce wa matarsa. "Ba ciwon ciki ba ne."

Vernell ta gyara masa bargo. Sa'an nan ta ce, "Na sani ba ciwon ciki ba ne, tsohon banza. Mutumin da ke cinye kaskon wake shi kaɗai." Tana faɗa tana share hawaye da bayan hannu. Muka fita muka ja musu labule.

Washegari ya yarda likitar ƙwaƙwalwarmu ta zo ta zauna da shi, abin da ya ƙi tun dawowarsa daga yaƙi. Daga baya ya shiga zaman da tsofaffin sojoji suke yi duk mako a hawa na ƙasa. An ce mini makonnin farko bai buɗe baki ba sai don ya kushe gahawarsu.

Raunin ya warke lafiya, ko da yake suga ya sa ya ɗauki lokaci. Marisol ta gama da mu a farkon bazara. Manyan asibitoci sun neme ta, ni ma na so in riƙe ta, amma ta zaɓi wani asibitin tsofaffin sojoji a kudancin Texas, kusa da mahaifiyarta. Takardar shaidar da na rubuta mata ita ce mafi gajarta da na taɓa rubutawa, don ban ga abin da zan yi ta ja ba.

Ganina na ƙarshe da Saje a wannan shekarar, a ɗakin motsa jiki ne. Na zo wucewa na ji murya tana faɗa, na leƙa. Yana tsaye tsakanin ƙarafan dafawa biyu a kan sabuwar ƙafarsa ta roba, gumi ya jiƙa masa riga, mai koya masa tafiya tana gabansa tana cewa ya isa haka na yau.

"Ke kika gaji," yake ce mata, "ni ban gaji ba. Matsa mini."

Ya hango ni. "Madam! Zo ki gaya wa yarinyar nan jikata za ta yi aure a watan Oktoba, kuma ni zan raka ta har gaban fasto. Ba a keken guragu ba."

"Sai ka bi abin da ta ce, Saje."

"Duk bakinku ɗaya," ya ce. Ya saki ƙarfen dama, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ƙafar ya sauke ta gaba. Mai koyarwar ta ja da baya ta ba shi hanya. Ana kirana a lasifika, sababbin likitoci sun iso suna jirana a ƙofar ɗakin tiyata, na bar shi yana tafiya.